Kalmomin Turancin da ake jayayya a kan ma'anarsu

A ranar 26 ga watan Yulin 2023 ne dogaran fadar shugaban Jamhuriyar Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, kuma kafin wayewar gari mutanen Yamai da Maraɗi da Kano duk sun san sunan abin da ya faru, wato juyin mulki.

Sai dai gwamnatin Amurka ta shafe kwanaki 76 kafin ta yarda ta furta kalmar Turancin da ke nufin haka.

Ba rashin sanin Turanci ne ya kawo jinkirin ba. Kalmar tana da hukuncin da ke biyo bayanta a dokar Amurka, kuma hukuncin ya shafi miliyoyin daloli.

Akasarin labaran duniya da ke isa kunnen Bahaushe da Turanci aka fara rubuta su, sannan mai fassara ya nemo kalmar Hausar da ta fi kusa, sau da yawa cikin 'yan mintoci kafin lokacin labarai.

Galibi akan dace. To amma akwai wasu kalmomin da doka ko yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta yanka wa iyaka, akwai kuma waɗanda tarihi ya ɗora wa kaya, ta yadda kalmar Hausar kan fi su faɗi, ko kuma ta gaza ɗaukar abin da ke cikinsu.

Ga bayanin guda tara daga cikinsu, da abin da ya sa ake jayayya a kansu.

Coup

Turanci ya aro wannan kalma ce daga Faransanci, kuma ba a furta harafinta na ƙarshe, "ku" ake cewa. Cikakkiyar jimlar ita ce coup d'état, wato bugun da aka kai wa hukuma.

Ƙamus na fassara ta da ƙwace mulki farat ɗaya ba bisa ƙa'ida ba, galibi ta hannun wani rukuni na sojoji.

A dokar kasafin taimakon da Amurka ke bai wa ƙasashen waje akwai wani sashe mai lamba 7008, wanda ya wajabta dakatar da akasarin taimako ga gwamnatin duk ƙasar da soja suka hamɓarar da zaɓaɓɓen shugabanta.

A lokacin da aka tsare Bazoum, Amurka na da sojoji kimanin 1,100 a Nijar, tare da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Ranar 10 ga watan Oktoba da ma'aikatar harkokin wajenta ta amince cewa juyin mulki aka yi, a ranar ta ba da sanarwar dakatar da taimakon kusan dala miliyan 200.

A Masar ma an ga irin haka, lokacin da soja suka kawar da Shugaba Muhammad Morsi a watan Yulin 2013. Gwamnatin Barack Obama ta ce doka ba ta tilasta mata ta sanya wa lamarin suna ba, saboda haka ta yi shiru a kan kalmar. Taimakon sojan da Masar ke samu daga Amurka ya kai kimanin dala biliyan 1.3 a kowace shekara.

Ita kuwa Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta fi yin magana a kan "sauya gwamnati ba bisa tsarin mulki ba", kalaman da ta gada daga sanarwar birnin Lome ta shekarar 2000. A kan haka ta dakatar da Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar, amma ba ta dakatar da Chadi ba sa'ad da majalisar soja ta karɓi mulki bayan rasuwar Idriss Deby a 2021.

Famine

Bahaushe na cewa yunwa ga wanda bai karya kumallo ba, yana kuma cewa yunwa ga bala'in da ke tayar da gari, kamar wadda aka yi a wajajen 1914 da magabata ke kira Kakalaba.

Turanci ya raba su. Ta farkon ita ce hunger, ta biyun kuma famine.

A wurin hukumomin agaji ma famine ta fi haka ƙunci. Akwai wani ma'auni mai matakai biyar da ake kira IPC, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara amfani da shi a Somaliya a 2004, kuma mataki na biyar ne kaɗai ake kira da wannan suna.

Sharuɗɗan uku ne, kuma sai sun haɗu a yanki guda. Aƙalla kashi 20 cikin 100 na gidaje su rasa abinci matuƙa, aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara su kamu da tamowa, sannan a riƙa rasa mutum biyu cikin kowane 10,000 a kowace rana.

Ke nan kafin a kai ga kalmar, sai an riga an fara binne mutane. An ayyana famine a Somaliya a watan Yulin 2011, kuma binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta cewa mutane kimanin 258,000 ne suka mutu, kusan rabinsu kafin a yi sanarwar.

Mutanen Nijar ba za su manta da 2005 ba, shekarar da ta biyo bayan ƙarancin ruwan sama da ɓarnar farin dango. Yayin da cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika a Maraɗi, Shugaba Mamadou Tandja ya fito a watan Agusta ya ce babu yunwa a ƙasarsa, ƙarancin abinci ne kawai a wasu yankuna.

Masu lura da al'amura sun tuna cewa farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da yadda aka tafiyar da abincin agaji, na cikin dalilan da Seyni Kountche ya bayar na kifar da gwamnatin Diori Hamani a 1974. Tun daga nan kalmar ta zama abin tsoro ga masu mulki a ƙasar.

Ba su kaɗai ba ne. Gwamnatin Sudan ta yi watsi da rahoton da ya tabbatar da famine a sansanin Zamzam da ke Darfur a 2024, haka ma Isra'ila ta yi watsi da wanda ya tabbatar da ita a birnin Gaza da kewaye a watan Agustan 2025.

Genocide

Wannan kalma ba ta kai shekaru ɗari da haihuwa ba. Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Poland, Raphael Lemkin, shi ne ya ƙirƙiro ta a 1944, inda ya haɗa kalmar Girkanci mai nufin jinsi ko ƙabila da ta Latin mai nufin kisa.

A ranar 9 ga watan Disambar 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta fayyace laifin, wato ayyukan da aka aikata da niyyar shafe wata al'umma, ko wani ɓangare nata, saboda ƙasarta ko ƙabilarta ko launin fatarta ko addininta.

Ayyukan sun haɗa da kisa, da raunata jiki ko hankali, da jefa mutane cikin halin da zai hallaka su, da hana su haihuwa, da kuma ƙwace 'ya'yansu a kai su cikin wata al'umma.

Abin da komai ya rataya a kansa shi ne niyya, kuma ita ce ke da wuyar tabbatarwa a gaban kotu. Yawan waɗanda aka kashe shi kaɗai ba ya wadatarwa.

A nan Hausa ta yi dace da fassara. Kisan kiyashi shi ne kashe mutane da yawa a lokaci guda, abin da Turanci ke kira massacre. Kisan ƙare dangi kuwa, sunansa ma ya nuna manufar mai aikata shi. Sai dai akan ji ana musanya su a cikin labari ɗaya kamar ma'anarsu guda.

Yarjejeniyar ta ɗora wa ƙasashen da suka sa hannu alhakin hana aukuwar laifin, shi ya sa gwamnatoci ke kaffa-kaffa da kalmar. Lokacin da ake kashe mutane kimanin 800,000 a Ruwanda cikin kwanaki ɗari a 1994, jami'an Amurka sun yi ta kewaye-kewaye don kada su ambace ta kai tsaye. Da Shugaba Bill Clinton ya je Kigali a 1998, ya amince cewa duniya ba ta kira laifin da sunansa a kan lokaci ba.

A kan Darfur kuma an sami saɓani. Sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya kira abin kisan ƙare dangi a watan Satumbar 2004, amma kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a watan Janairun 2005 an aikata munanan laifuka, sai dai bai sami shaidar cewa gwamnatin Sudan na bin manufar ƙare dangi ba.

Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukunci a 2007 cewa kisan Musulmin Bosniya kimanin 8,000, maza da yara, a Srebrenica a 1995, kisan ƙare dangi ne. A gaban wannan kotu ce Gambiya ta kai ƙarar Myanmar a 2019 a kan Musulmin Rohingya, Afirka ta Kudu kuma ta kai ƙarar Isra'ila a 2023 a kan Gaza. Duka ƙasashen biyu sun musanta zargin.

Refugee

Kalmar ta shiga Turanci ne tare da Kiristocin ɗarikar Furotesta da suka tsere daga Faransa zuwa Ingila, bayan da Sarki Louis na 14 ya soke 'yancin addininsu a 1685.

Ma'anarta ta doka na cikin yarjejeniyar birnin Geneva ta 1951. Shi ne mutumin da ya fita daga ƙasarsa, kuma yake da ƙwaƙƙwaran dalilin jin tsoron a zalunce shi saboda jinsinsa, ko addininsa, ko asalinsa, ko rukunin jama'ar da ya fito, ko ra'ayinsa na siyasa. Haramun ne ga ƙasar da ya fake a cikinta ta mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari.

Ƙasashen Afirka sun faɗaɗa ma'anar a 1969, ta haɗa da wanda yaƙi ko mamaya ko rikici ya kora.

Sharaɗin da ba ya sauyawa shi ne ƙetare iyaka. Mutumin da rikicin Boko Haram ya kora daga Baga ya nufi Diffa a Nijar, ko sansanin Minawao a Kamaru, ya zama refugee. Maƙwabcinsa da ya gudu a rana ɗaya amma ya tsaya a Maiduguri, shi a takardun hukuma internally displaced person ne, wato wanda ya rasa matsuguni a cikin ƙasarsa, kuma alhakinsa na farko na wuyan gwamnatinsa.

Da Hausa dukansu 'yan gudun hijira ne, suna mai daraja a kunnen Musulmi, amma ba ya nuna wannan bambanci.

Akwai kuma migrant, wadda ke nufin duk wanda ya ƙaura daga wani wuri zuwa wani, galibi don neman aiki. Babu laifi ko kaɗan a cikin ma'anarta, kuma ɗan ci-rani ya fi kusa da ita. Baƙon haure kuwa shi ne wanda ya shiga gari ta inda ganuwa ta karye maimakon ta ƙofa, don haka duk wanda aka kira da sunan an riga an yanke masa hukunci.

A watan Agustan 2015 sashen Turanci na gidan talabijin na Aljazeera ya ce ya daina kiran masu ƙetare tekun Bahar Rum da migrants, saboda da yawansu yaƙin Siriya ne ya koro su.

Bandit

Asalinta kalmar Italiyanci ce, bandito, wato wanda hukuma ta kora, ta kuma cire masa kariyar doka. A Turanci tana nufin ɗan fashin da ke aiki cikin gungu, a daji ko a kan hanya.

Da wannan suna jaridun Nijeriya suka shafe shekaru suna kiran masu kai hare-hare da satar mutane a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, waɗanda Hausa ke kira 'yan bindiga ko 'yan fashin daji.

Jayayyar ita ce ko ya kamata a kira su terrorists, wato 'yan ta'adda. Abin da ke raba kalmomin biyu a wurin masana shi ne manufa. Ɗan fashi dukiya yake nema, shi kuwa ɗan ta'adda yana tsorata jama'a ne don cimma wani buri na siyasa ko na aƙida.

A watan Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, kuma gwamnati ta fitar da umarnin a hukumance a watan Janairun 2022. Abin lura shi ne takardar da Turanci aka rubuta ta, amma sunayen ƙungiyoyin da ta haramta na Hausa ne, wato 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda.

Sauyin sunan ya shigar da su, da masu taimaka musu, ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci, wadda hukuncinta ya fi tsanani. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya kuma danganta matakin da batun yin amfani da jiragen yaƙi samfurin Super Tucano da Nijeriya ta sayo daga Amurka.

Ita kanta kalmar terrorism, da farko gwamnati ake nufi da ita. Ta samo asali ne daga mulkin tsoro da masu juyin juya halin Faransa suka yi a 1793 zuwa 1794, inda suka fille kawunan dubban mutane.

Ƙasashen duniya sun shafe shekaru suna tattaunawa ba tare da sun amince da ma'ana guda ba, saboda saɓani a kan masu yaƙi da mamaya da kuma abin da sojojin gwamnati ke aikatawa. Sai a 2008 Amurka ta cire sunan Nelson Mandela daga jerin waɗanda take sa wa ido a kan ta'addanci, shekaru 15 bayan an ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Fundamentalist

Mutane da yawa na zaton saboda Musulmi aka ƙirƙiro wannan kalma, alhali a cikin coci aka haife ta.

Tsakanin 1910 da 1915 aka wallafa wasu maƙalu 90 a Amurka mai suna The Fundamentals, wato tushen addini, da kuɗin wasu attajiran mai 'yan uwan juna, Lyman da Milton Stewart. Manufarsu ita ce kare aƙidun Kirista daga masu yi wa Littafi Mai Tsarki fassarar zamani.

A 1920 wani editan jaridar ɗarikar Baptist, Curtis Lee Laws, ya kira masu wannan ra'ayi fundamentalists, kuma da alfahari suka karɓi sunan.

Bayan juyin juya halin Iran na 1979 ne jaridun ƙasashen Yamma suka yawaita liƙa wa Musulmi kalmar, har ta koma tana nufin mai tsanani, ko ma mai ɗaukar makami.

Malamai da dama sun yi suka a kan haka. Hujjarsu ita ce, idan ma'anar ita ce riƙo da tushen addini, to ai kowane Musulmi mai salla da azumi ya shiga ciki, idan kuma ana nufin mai tayar da fitina ne, to sai a faɗi abin da ya aikata.

Fassarar Hausa, masu tsattsauran ra'ayi, ta ɗauki ma'ana ta biyun ce kawai, kuma da ita ake fassara extremist da radical da hardliner, duk da cewa kowace da inda ta dosa. Littafin ƙa'idojin rubutu na kamfanin dillancin labaru na AP ya shawarci 'yan jarida da su guji kalmar, sai fa in ƙungiyar ce ta kira kanta da ita.

Crusade

Tushenta kalmar Latin ce mai nufin gicciye. Ita ce sunan yaƙe-yaƙen da Kiristocin Turai suka yi don ƙwace Ƙudus daga hannun Musulmi, bayan kiran da Paparoma Urban na biyu ya yi a 1095.

Sun kama birnin a 1099 tare da zubar da jini mai yawa, Salahuddin Al-Ayyubi ya ƙwato shi a 1187, sannan sansaninsu na ƙarshe mai ƙarfi, Akka, ya faɗi a 1291.

A Turancin yau da kullum kalmar ta yi sanyi, ta koma nufin duk wani gangami da aka sa gaba da himma, kamar na yaƙi da shan taba ko cin hanci.

A ranar 16 ga watan Satumbar 2001, kwanaki biyar bayan hare-haren New York da Washington, Shugaba George Bush ya kira yaƙin da zai ƙaddamar da wannan suna. Fadarsa ta yi hanzarin bayyana takaici, tana cewa ma'anar yau da kullum yake nufi, amma magana zarar bunu ce. A ƙasashen Larabawa an fassara ta da yaƙin 'yan gicciye, kuma Usama Bin Laden ya yi ta kafa hujja da ita.

A Nijeriya kalmar na da ma'ana ta uku, wato babban taron wa'azin Kirista a fili. Irin wannan taro ne wani mai wa'azi ɗan ƙasar Jamus, Reinhard Bonnke, ya shirya yi a Kano a watan Oktoban 1991, lamarin da ya kai ga tarzoma da asarar rayuka da dama. Dalilan rikicin na da yawa, amma abin da masu shirya taron ke nufi da sunan daban ne da abin da Musulmi da dama suka ji.

Haka abin yake idan aka juya. Kalmar jihad ta shiga ƙamusun Turanci, kuma jaridu da yawa na taƙaita ta ga yaƙi kawai, alhali asalinta a Larabci ƙoƙari ne da fafutuka, kuma malamai sun yi bayanin nau'o'inta.

Secular

Da wuya a sami kalmar Turancin da ta jawo muhawara a Nijeriya kamar wannan.

Ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin zamani ko duniya. A Turai ta da, har limaman cocin da ke zaune a cikin jama'a ana kiransu secular, don a bambanta su da masu keɓe kansu a gidajen ibada. Wani marubuci ɗan Ingila, George Holyoake, shi ne ya ƙirƙiro secularism a 1851.

A siyasa tana nufin raba hukuma da addini, amma kowace ƙasa da yadda ta fahimci rabuwar.

Faransa ta raba coci da gwamnati da dokar 1905, kuma a 2004 ta hana sanya alamomin addini na fili, ciki har da hijabi, a makarantun gwamnati. Amurka ta haramta wa majalisarta kafa addinin hukuma tun 1791, amma 'yan siyasarta na ambaton Ubangiji a bainar jama'a. Indiya ta shigar da kalmar cikin gabatarwar tsarin mulkinta a 1976, ba tare da ta soke dokokin aure da gado na Musulmi ba.

Ingila kuwa tana da cocin hukuma wanda sarki ke shugabanta.

Sashe na 10 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma, amma bai kira ƙasar secular ba. Wannan tsarin mulki ne kuma, daga sashe na 275, ya ba jihar da ke so damar kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a.

Da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a watan Oktoban 1999, wasu jihohi 11 suka bi sahu, kowane ɓangare ya riƙe nasa sashen. Masu adawa suka ce an saɓa wa sashe na 10, masu goyon baya kuma suka ce Nijeriya ƙasa ce mai addinai da yawa, ba wadda ta yi watsi da addini ba.

Fassarar Hausa ma ta ƙara wa wutar itace. Idan aka ce ƙasar da ba ruwanta da addini, Musulmi da yawa kan ji kamar an ce ƙasar da ba ta da addini.

A Nijar ma an yi irin wannan muhawara a kan kalmar Faransanci laïcité bayan babban taron ƙasa na 1991, har tsarin mulkin 1992 ya kauce mata. Na 2010 kuwa ya yi maganar raba hukuma da addini ne kawai.

Impeachment

Asalin kalmar a Latin yana nufin sanya wa ƙafa dabaibayi. Majalisar dokokin Ingila ce ta fara amfani da wannan hanya a 1376 don tuhumar manyan fadawan sarki.

Hausa na fassara ta da tsigewa, kuma a nan ake samun ruɗani. A tsarin Amurka impeachment tuhuma ce kawai, wadda majalisar wakilai ke amincewa da ita da rinjaye mai sauƙi. Daga nan sai majalisar dattawa ta zauna a matsayin kotu, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda kafin a sauke shugaba.

An yi wa Andrew Johnson a 1868, da Bill Clinton a 1998, da Donald Trump sau biyu, a 2019 da 2021. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya rasa kujerarsa ta wannan hanya. Richard Nixon kuwa murabus ya yi a 1974 kafin a kai ga ƙuri'ar.

Saboda haka mai sauraron da ya ji an ce an tsige Clinton, washegari kuma ya ji shi yana jawabi daga fadar White House, yana da hujjar yin mamaki.

A Turancin Nijeriya kalmar ta haɗa tuhumar da saukewar gaba ɗaya, tun daga lokacin da majalisar dokokin jihar Kaduna ta sauke Gwamna Balarabe Musa a watan Yunin 1981.

Tsakanin Disambar 2005 da Nuwambar 2006 an sauke gwamnoni biyar, na Bayelsa da Oyo da Ekiti da Anambra da Filato. Kotuna sun mayar da uku daga cikinsu, wato Rashidi Ladoja da Peter Obi da Joshua Dariye, saboda majalisun ba su bi matakan da sashe na 188 na tsarin mulki ya shimfiɗa ba.

Abin da ya rage ga mai sauraro

Labarin minti ɗaya ba zai ɗauki dukan wannan bayani ba, kuma dole mai fassara ya zaɓi kalma guda ya wuce.

Wasu gidajen watsa labarai kan rage matsalar ta hanyar jingina kalmar ga wanda ya faɗe ta, su ce "abin da gwamnati ta kira ta'addanci", ko kuma su bayyana abin da aka aikata, su bar wa mai sauraro hukunci.

Sauran aikin na mai sauraro ne. Duk lokacin da ya ji wani kakakin gwamnati na ta kewaya wata kalma ya ƙi taka ta, ko kuma ya ji wani na gaggawar liƙa ta ga abokin hamayyarsa, yana da kyau ya tambayi kansa wace doka ce kalmar za ta tayar, kuma wane ne zai biya kuɗin.